Sauron Rana da Malaman Gardama

Na san ku, kun kuma san na san ku. Ku ne a bakin teburin mai shayi, ku ne a gindin darbejiyar ƙofar gida, da an ce "likitoci sun ce" sai ku gyara zaman hula, ku taɓe baki. To yau ga sabuwa na kawo muku. Akwai sauron da zai ciji mace mai juna biyu, ita ko kwanciya ba ta yi ba, amma cizon ya zarce ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta.

Ga Alhaji can har ya ajiye kofi. "Sauro? Mu za a yi wa lacca a kan sauro? Mu da muka tashi da kukansa a kunne?" Ranka ya daɗe, ban musa ba. A fannin cizon sauro kai farfesa ne, tabon ƙafarka ma shaida ne. Sai dai wanda ka yi digiri a kansa sauron dare ne, mai kawo maleriya. Nawa ɗan rana ne. Baƙi ne ƙarami, ƙafafunsa da zanen fari, masana na ce masa Edis, mu kuwa bari mu kira shi mai safa. Ba ya jiran a kashe fitila. Da hantsi yake fitowa, ya koma ya huta, ya sake fitowa daga la'asar zuwa magariba. Ba ya zuwa kunne ya yi maka sallama, ta ƙasa yake bi, idon sawu da bayan gwiwar hannu. Kuma ba ya ƙoshi a jikin mutum ɗaya: ya ɗan tsotsi wannan, a motsa ya tashi, ya sauka a kan na kusa. Da haka yake raba ƙwayoyin cutar bairos iri-iri a tsakar gida guda: shawara, dengi, cikungunya, da kuma Zika, wadda ita ce ta tara mu.

A farkon 2015 wata 'yar rashin lafiya ta bazu a arewa maso gabashin Barazil. Zazzaɓi sama-sama, ƙuraje masu ƙaiƙayi, jan ido, ɗan ciwon gaɓoɓi, kwana biyu zuwa bakwai mutum ya warware. Da ku aka kira taro a lokacin, Alhaji, da ba ku saɓa da likitocin can ba ko kaɗan, don su ma yawancinsu cewa suka yi abin bai kai a tayar da hankali ba. Dengi da ke kashe mutane suke tsoro, ba wannan ba. Sai watanni suka shuɗe, matan da suka yi ƙurajen nan da ƙaramin ciki suka fara haihuwa. A birnin Resife wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Vanessa van der Linden, ta lura ana kawo mata jarirai masu ƙanƙanin kai ɗaya bayan ɗaya, abin da a da sai ta daɗe ba ta ga ko guda ba. Mahaifiyarta ma likita ce a wani asibitin garin, ita ma abin da take gani ke nan. Kafin wannan shekara, Barazil duk girmanta ba ta rubuta irin haihuwar nan 200 a shekara. Kafin ƙarshen Janairun 2016 waɗanda ake zargi sun kai wajen 4,000. Gwamnatin ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya tun Nuwamban 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 1 ga Fabrairun 2016.

Yauwa, Malam na kusa da Alhaji ya ɗaga yatsa. Na san abin da za ka ce tun kafin ka haɗiye burodin: "Turawa ne suka ƙirƙiro ta don a rage haihuwa." Malam, kai fa ko ruwan sama ya makara Turawa ne. To ka yi haƙuri, wannan karon daga nahiyarmu kayan suka tashi. A 1947 aka fara gano ƙwayar a jikin wani biri a dajin Zika, kusa da Entebbe a Yuganda, ana cikin binciken cutar shawara. A shekarun 1970 masu bincike a Ibadan suka same ta a jinin 'yan Najeriya masu zazzaɓi. Ta daɗe tana yawonta ba wanda ya kula ta, har 2007 ta mamaye wani ɗan tsibiri mai suna Yap a tekun Fasifik, 2013 ta faɗa tsibiran Folinesiya na Faransa, daga nan sai Barazil.

Kada kuma ka ɗauka kai kaɗai Allah ya yi wa baiwar zargi. Barazil ma tana da majalisun shayinta. Wasu suka ce maganin kashe tsutsar sauro ne da gwamnati ke zubawa a tankunan ruwa. Wasu suka ce allurar rigakafi ce ta lalace. Wasu suka ce sauron da wani kamfani ya sauya wa halitta ya saki ne. Da ka je can da an shimfiɗa maka tabarma. Abin da ya bambanta shi ne an bi zargin an duba. Wata likita a garin Campina Grande, Adriana Melo, ta ɗebi ruwan mahaifar mata biyu da hoton ciki ya nuna kan 'ya'yansu bai girma daidai ba, aka gwada, ga Zika a ciki. A ƙasar Sulobeniya aka samu ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayin wata mata da ta ɗauki cikin tana zaune a Barazil. Sannan ayarin Celina Turchi a Resife suka jera jarirai masu ƙanƙanin kai da jarirai lafiyayyu da aka haifa a asibitoci guda a lokaci guda, suka tambayi iyayen komai, suka gwada jini. Maganin tsutsa bai fito da laifi ba, allura ba ta fito da laifi ba, Zika ce ta fito.

Zan ba ka maki ɗaya don kada ka tashi hannu biyu. Cikin dubban nan da aka fara lissafawa, da yawa daga baya an cire su. Da farko duk jaririn da kewayen kansa bai wuce santimita 33 ba sai a rubuta shi, ma'aunin ya yi faɗi, ya kwaso yara lafiyayyu masu ƙaramin jiki, sai a Disamban 2015 aka mayar da shi 32. Ka ga ashe likitoci ma suna gyara lissafinsu da kansu, abin da ban taɓa jin majalisarku ta yi ba. Amma bayan an tace an sake tacewa, yaran da suka rage suna nan da iyayensu, yanzu sun doshi shekara goma.

A nan zan ɗan rage wasa. Mabiyiya aikinta ta ciyar da ɗa ta kuma tare masa abubuwa da yawa da ke yawo a jinin uwa. Zika tana cikin ƙwayoyi ƙalilan da suka iya ratsa ta. In ta shiga kuma ba ko'ina take nufa ba, ƙwayoyin halittar da ke gina ƙwaƙwalwa take kamawa, waɗanda kowace ɗaya za ta rarrabu ta haifi dubbai. Ta kashe wasu, ta hana wasu rarrabuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya faɗaɗa, to in ta tsaya sai ƙoƙon ya tsaya, wani lokaci ma ya lotsa, fatar kan ta tattare. Shi ya sa haɗarin ya fi girma a watanni ukun farko, lokacin da ake aza harsashin, lokacin da mace da yawa ba ta ma gaya wa kowa tana da ciki ba, balle ta fara zuwa awo. Ƙanƙanin kai kuma shi ne kawai abin da ido ke gani. Akwai farfaɗiya, akwai sanƙarewar gaɓoɓi, akwai matsalar gani da ji, akwai wahalar haɗiyar abinci. Akwai cikin da ke zubewa, akwai wanda ake haifa ba rai. Akwai yaron da za a haifa kansa daidai, sai an yi watanni a ga ba ya zama, ba ya rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin jarirai 100 da iyayensu suka kamu suna da ciki, 5 zuwa 15 ne ke fitowa da wata alama ta cutar. Mafi yawa lafiya lau suke zuwa, alhamdu lillahi, kuma ya kamata a faɗi hakan da ƙarfi don kada wata ta kwana tana kuka a banza. Amma ga inda abin yake da mugunta: mafi yawan manyan da suka kamu ba sa jin komai, kuma uwar da ba ta ji komai ba ma tana iya ba wa ɗan. Lafiyar uwa ba ta zama shaidar lafiyar tayi ba. Har yau babu allurar rigakafin Zika da aka amince da ita, babu kuma maganin da ke kashe ta.

Sannu da zuwa Hajiya, na ga kin leƙo ta katanga. Tambayarki ta fi ta mazan nan nauyi, shi ya sa ba su yi ta ba. Kin ce, "To in tun zamanin kakanninmu cutar tana Afirka, mu da muka haifi goma-goma ga sauro ko'ina, me ya sa ba mu ga haka ba?" Masu bincike sun kawo dalilai. Na farko, inda cuta ta daɗe, yarinya kan kamu tun tana tallan gyaɗa, jikinta ya gina garkuwa kafin ta isa aure. Mutanen Barazil kuwa babba da yaro ba wanda ya taɓa haɗuwa da ita, ta same su gaba ɗaya, har da masu ciki dubun dubbai a shekara guda. Na biyu, gwaji ya nuna mai safa na Afirka bai kai ɗan'uwansa na Amurka da Asiya iya ɗaukar ƙwayar ba. Na uku ba shi da daɗin ji: a gwajin dabbobi, jinsin Zika na Afirka ya fi kashe tayin gaba ɗaya, wato ƙarshensa ɓari, ba haihuwar ƙaramin kai ba. Ɓari kuwa, Hajiya, wa ke ƙirga shi a unguwarmu? A ce iska ce, a ce ɗaukar kaya ne, a ce kishiya ce, a yi wa mai ɓarin sannu a wuce. Haihuwa nawa ake yi a ɗaki, ungozoma ta yanke cibi, ba wanda ya zagaya kan jaririn da tef? Kuma jinsin nan da ya yi ɓarna a Barazil ya riga ya tsallako mana teku: ya ɓulla a tsibiran Cape Verde a 2015, ya ɓulla a Angola a 2016, duka wuraren biyu an ga jarirai masu ƙanƙanin kai.

Sai kuma babban likitan majalisa, wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba amma yana gane cuta daga jin muryar mutum a waya. A wurinsa zazzaɓi iri biyu Allah ya halitta, maleriya da taifod. In an sha maganin maleriya bai sauka ba, taifod ne. In an sha na taifod bai sauka ba, to maleriyar ce mai taurin kai, a koma kemis a ƙaro allura. Dakta, ina gaisuwa. Ka tambayi 'yan'uwanmu na Abeshe a Chadi abin da ya same su a 2020, lokacin da cikungunya ta kwantar da dubun dubatar mutane, gaɓoɓi suka riƙe har ƙato ya kasa miƙewa. Ka tambayi na Kasala a Sudan labarin 2018. Ita cikungunya salonta daban ne da na Zika. Ba kasafai take taɓa tayi a farkon ciki ba, a bakin ƙofa take tsayawa. An koyi wannan a tsibirin Reyuniyon a 2005 zuwa 2006, sa'ad da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin suka kamu. Matan da naƙuda ta same su ƙwayar na yawo a jininsu, kusan rabinsu sun ba wa jariran. A haifi yaro lafiya, a yi barka, kwana uku zuwa bakwai, kafin a yanka ragon suna, sai zazzaɓi, sai ƙin nono, sai kuka in an taɓa shi, wasu har ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Fiɗar ciki ma ba ta hana ba. Abin da ya taimaka shi ne sanin cewa uwar tana da ita, a riƙe jaririn a asibiti ana sa masa ido.

Dengi kuma ba sai mun je Chadi ba. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullarta a jihar Sakkwato, a shekarar da ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Ga mai ciki tana iya jawo haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi, ko zubar jini wajen haihuwa, in kuma ta zo dab da naƙuda tana iya bin jaririn. Nan ne ma likitancinka ke da haɗari, Dakta, don dengi tana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kai kuma aljihunka cike da asfirin da ibufurofen kana rabawa sadaka. Waɗannan ƙara zubar jinin suke yi. Farasitamol shi ne na sauke zazzaɓi kafin a isa asibiti. Mai ciki kuwa in ta yi zazzaɓi, balle da ƙuraje ko jan ido ko ciwon gaɓoɓi, a kai ta a gwada. In gwajin maleriya ya ce babu, kada a ce na'urar ce ta lalace, a faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka gani a jikinta.

Kada wani ya tashi daga nan ya je ya kwance gidan sauro ya kewaye lambu da shi, ya ce ai marubuci ya ce ba ya aiki. Ban ce ba. Maleriya har gobe ita ce babbar mai cutar da masu ciki a ƙasashenmu, gidan sauro da maganin da ake bayarwa wajen awo suna nan daram. Cewa na yi mai safa ba ya zuwa a lokacin da kuka kafa masa tarko. Mai ciki in za ta yi barcin rana ta shiga gidan sauron. Ta sa tufa mai rufe hannu da ƙafa, ta shafa man korar sauro, irin mai sinadarin DEET ba ya cutar da ciki in an bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

"To gwamnati ta zo ta yashe kwata mana," in ji Alhaji, ya samu inda zai sauke kayan. Ta yashe, muna so. Amma mai safa ɗan gayu ne, bai damu da ruwan kwata ba. Ruwan da aka tara a mazubi yake so: randa, tulu, duro, jarkar da mai ga-ruwa ya juye aka bar ta a buɗe, kaskon ruwan kaji, gwangwanin madara a bayan ɗaki, tsohuwar tayar da ka ɗora a kan kwano don kada iska ta yaye shi. A jikin bangon mazubin macen ke manna ƙwanta, ɗan sama da ruwa, kuma ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni yana jira, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo mako guda ne zuwa kwana goma. Ba ya kuma tafiya mai nisa, yawanci a 'yan gidajen da ke kewaye da inda aka haife shi yake ƙare rayuwarsa. Wato wanda ya ciji uwargida ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, kai ka shayar da shi. Abin da ya ci unguwannin talakawan Resife ke nan: famfo ba ya kawo ruwa kullum, dole kowa ya tara a duro da tanki. Wannan labarin ko a Kano ko a Damagaram ba sai an yi wa kowa fassara ba. Maganin ba tsada: a rufe mazubi ruf, sau ɗaya a mako a juye a goge cikinsa da soso, don zubar da ruwan kawai ba ya cire ƙwan da ke manne. A kife abin da ba a amfani da shi. Ka ce komai nufin Allah ne? Haka ne wallahi. Amma jiya da dare na ga kwaɗo uku a ƙofar shagonka, Alhaji, har da sarƙa.

Wasu ƙasashen da abin ya ɗimauta sun yi abin da ya fi wanke randa ban mamaki. A Janairun 2016 gwamnatin El Salbado ta shawarci matan ƙasar su dakata da ɗaukar ciki har 2018. Ina so in ga kwamishinan da zai hau rediyo ya faɗi haka a nan, in kuma ga ta wace ƙofa zai fita. A birnin Yogyakarta na Indunusiya kuma sauro aka yi ta saki da gangan, wanda aka sa wa wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbakiya da ke hana bairos girma a cikinsa, dengi ta ragu da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka sake shi. Malam mai zargin Turawa, riƙe wannan, ya ishe ka hira har azumi.

Na ga mazan majalisa sun fara miƙa, wai ai maganar ta mata ce, a je a gaya musu. Ku koma ku zauna, saura naku. A 2008 wani masanin sauro Ba'amurke, Brian Foy, ya je aikin bincike kudu maso gabashin Senigal, sauro ya yi masa cin ƙoshi. Ya koma gida Kolorado, bayan 'yan kwanaki ya kwanta da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Ba a jima ba matarsa ta kwanta da irin ciwon, ita da ba ta taka Afirka ba, a yankin da babu mai safa. 'Ya'yansu huɗu kuwa ko atishawa. Aka gwada jini aka rasa gane cutar, aka ajiye shi a firiza. Sai bayan shekara guda abokin tafiyarsa ya haɗu da wani masani, jikan ɗaya daga cikin mutanen da suka gano ƙwayar a 1947, shi ya ce a gwada Zika. Aka gwada, ita ce. Mutumin da sana'arsa farautar sauro ce, ashe shi ya yi aikin sauron a gidansa, kuma ya daure ya rubuta ya buga a 2011, abin da na tabbata ba ɗayanku da zai yi.

Zika takan daɗe a maniyyi bayan ta bar jini, ko da namijin bai ji ko ciwon kai ba. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ya dawo daga inda cutar ke yawo ita ce wata uku yana amfani da kwaroron roba ko ya haƙura, in kuwa matar tana da ciki, to har ta sauka. Ku 'yan kasuwa masu zirga-zirga, yau Luwanda gobe Bankok, da ku nake. Alhaji, na ga ka yi shiru. Wata uku na ce, ba shekara uku ba. Mai shayi, ƙara masa madara, ni zan biya.